Kafin Gara Ta Riga Mu

 

Kwanakin baya mun je ta'aziyyar wata dattijuwa, kakar ɗaya daga cikinmu. Ranar addu'ar bakwai, mata suka shiga ɗakinta suna fitar da kaya saboda rabon gado. A ƙarƙashin gado suka jawo wani tsohon akwatin ƙarfe. A can ƙasansa, bayan an ɗaga zannuwan da ta daɗe da daina ɗaurawa, sai ga wani ƙunshi a farin ƙyalle. Aka aiko da shi zaure wurin maza. Da aka kwance, hotuna ne guda uku baƙi da fari, da wasiƙu shida da ajami, da lambar yabo guda mai siffar tauraro wadda zarenta ya koɗe.

Hoto ɗaya ya fi jan ido. Samari ne biyu cikin kaki, kowanne da hula mai faɗin baki, ɗaya ya dafa kafaɗar ɗaya. Hoton ya zagaya zauren hannu da hannu. Wani ya ce ai mijinta ne na fari. Wani ya ce a'a, yayanta ne da ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba. Wani kawu ya ɗaga hoton ya kai shi kusa da ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi dai ya ga kamannin gidan a fuskar na dama, amma ba zai rantse ba. Aka koma kan wasiƙun ko za su raba gardama. Daidai wurin da ake rubuta takarda ta fito daga hannun wane, nan gara ta bi ta cinye.

Wadda ta san amsar, kwana bakwai ke nan da muka kai ta makwancinta. Jikan nata kuwa ya shekara talatin yana gaishe ta, yana cin tuwonta, yana jin tatsuniyarta. Marubuci ne, yana da labarai da dama a kafafen sada zumunta. Bai taɓa sanin akwai wannan ƙunshi ba, domin bai taɓa tambaya ba. Ba muna faɗar haka don mu kunyata shi ba ne. Da izininsa muka kawo labarin, kuma da aka dawo gida kowannenmu ya duba kansa, sai muka ga duk kanwar ja ce.

Ra'ayinmu a wannan makon shi ne: adana hotuna da wasiƙun yaƙi da ke gidajenmu aiki ne da ya rataya a wuyan marubuta kafin kowa, kuma rabin aikin kawai ake yi idan aka tsare takarda aka bar mai ba da labarinta ya tafi. Takardar da bakin da ya san ta, tare ake cetonsu.

Bari mu fara da tuna wa juna ko su wane ne mutanen cikin irin waɗannan hotuna. Abin da tsofaffi ke kira yaƙin Hitila shi ne Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka gwabza daga 1939 zuwa 1945. Bama da suke faɗa kuma ba Bama ta jihar Barno ba ce, ƙasar Burma ce da yanzu ake kira Myanmar, can gabas da Indiya. Turawan Ingila sun ɗebi dubban samari daga Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, kuma 'yan arewa suna da yawa a cikinsu, har Hausa ta daɗe tana zama yaren bariki. A 1941 sojojin Nijeriya sun yaƙi Italiya a gabashin Afirka, suka shiga Mogadishu, suka nausa cikin Habasha. Daga baya aka kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka ɗora su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can aka shiga da su dazukan Burma domin yaƙar Japan. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, inda babu hanyar mota ta kirki, sai dai jiragen sama su jefo abinci da harsashi, mutane su ɗauka a ka. Cikin rundunar akwai ɗimbin 'yan dako da aikinsu ke nan. A watan Janairun 1945 sojojin Afirka ta Yamma suka karɓe garin Myohaung. Akwai kuma birged guda ta 'yan Nijeriya da aka haɗa da dakarun Chindit, waɗanda aka kai bayan layin abokan gaba a 1944. Yaƙi ya ƙare a 1945, amma da yawa sai a 1946 suka ga gida. Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja.

Abin mamaki shi ne kullum muna wuce sunayen wuraren nan ba mu sani ba. Barikin Chindit a Zariya, barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, barikin Arakan da na Myohaung da na Dodan a Legas, da sansanin Burma a Ankara ta ƙasar Gana, duk daga wancan yaƙin suka samo sunayensu. Barikin Bukavu na Kano kuma sunan wani gari ne a Kongo, ƙasar da sojojinmu suka je aikin wanzar da zaman lafiya daga 1960 zuwa 1964. Bayan nan ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ga zuwa Laberiya da Saliyo da aka fara a 1990. 'Yan uwanmu na Nijar su ma Faransa ta ɗebi kakanninsu zuwa yaƙe-yaƙenta. Ke nan da wuya a sami unguwar da babu gidan da aka taɓa cewa wane ya tafi soja. Gwamnati ta adana sunayen wuraren a jikin allunan bariki. Sunayen mutanen kuwa suna cikin adakar kakanninmu, kuma babu wata hukuma da za ta zo ta buɗe mana ita.

Kada mu ɗauka cewa wani a can waje ya riƙe mana su. Gaskiya ne a maƙabartar sojoji ta Taukkyan, kusa da birnin Yangon, akwai ginin tunawa da ke ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san kabarinsu ba, kuma akwai 'yan Afirka ta Yamma a ciki. Amma a 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila ta fito ta nemi afuwa, bayan wani bincike ya gano cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Idan baƙo ya yar da sunan kakanmu, muna da bakin ƙorafi. Idan mu da kanmu muka bar gara ta cinye shi a ƙarƙashin gado, wa za mu kai wa ƙara?

To me ya sa muka ce marubuta? Saboda dalili biyu. Na farko, mu ne muke da kayan aikin. Mun saba da alƙalami, mun saba da sauraro, mun san yadda ake jera magana ta zauna. Na biyu, mu ne muka fi kowa buƙatar abin da ke cikin akwatin. Mu dubi irin labaran da muke fitarwa kowane mako. Jarumi ɗan gidan attajiri ne, ya yi karatu a Landan, yana hutu a Dubai, yana da motoci bakwai. Da yawanmu ba mu taɓa taka waɗannan wurare ba, shi ya sa bayanin yakan fito babu gishiri. Alhali a cikin gidanmu akwai labarin yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin garinsu ba, aka sa shi a jirgin ruwa ya yi makonni bai ga tudu ba. Akwai amaryar da aka tafi aka bari da ciki, ta shekara uku tana jiran takarda. Akwai uwar da ta ƙi yarda a yi wa ɗanta sadaka saboda ba ta ga gawa ba. Akwai wanda ya dawo da kuɗin sallama ya sayi keke da teloli, gari ya ɗauka, kafin shekara biyu ya koma dako a kasuwa. Akwai wanda ya dawo lafiya lau a jiki, amma in aka yi tsawa da dare sai ya faɗa ƙarƙashin gado. Soyayya, kishi, rabuwa, jira, cin amana, duk abin da muke nema a labari yana nan, kuma namu ne.

Wasu sun riga mu gane haka. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, mahaifinsa ya yi yaƙin Burma. Daga labaran da ya tashi yana ji a gida ya rubuta littafinsa Burma Boy, wanda ya fito a 2007, kuma jarumin littafin wani yaro ne mai jin Hausa da ake kira Ali Banana. Da Turanci ya rubuta shi, duniya ta karanta. Isaac Fadoyebo kuma soja ne da aka harbe shi a Burma, wasu mutanen ƙauye suka ɓoye shi na tsawon watanni har ya tsira. Daga baya ya zauna ya rubuta abin da ya gani. Saboda wannan rubutu ne wani ɗan jaridar Ingila, Barnaby Phillips, ya neme shi a Legas, ya yi fim a kansa, ya rubuta littafi, har ya je Burma ya gano iyalan mutanen da suka ɓoye shi. Mutane nawa ne suka ga irin abin da Fadoyebo ya gani? Shi dai ya rubuta, shi ya sa muka san sunansa.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne.

Wani zai ce: yaƙin Turawa ne, an kwashi kakanninmu an kai su mutuwa a kan rigimar da ba tasu ba, mene ne abin alfahari a ciki? Mun yarda yaƙin ba nasu ba ne. Mun yarda wasu son kaki da albashi ne ya kai su, wasu kuma matsin masu mulki ne. Amma adanawa daban, alfahari daban. Wanda yake son ya nuna an zalunci kakansa, shi ya fi kowa buƙatar takarda, domin littafin sallama da wasiƙa su ne shaidarsa. A ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin sojoji suka yi tattaki a Ankara suna neman haƙƙoƙin da aka yi musu alkawari, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe uku. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka gaggauta samun 'yancin Gana. Ashe labarin waɗannan sojoji bai tsaya ga yi wa Bature hidima ba, ya haɗa da abin da suka gano bayan sun ga Bature yana jin tsoro, yana zubar da jini kamar kowa.

Wani kuma zai kawo maganar addini, ya ce ajiye hoton mamaci bai kwanta masa a rai ba. Wannan fage ne na malamai, kuma ba fatawa muka zo bayarwa ba. Roƙonmu ɗaya ne: wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, kada ya yanke wa dukan dangi hukunci da ashana. Ya miƙa wa ɗan uwan da zai riƙe, ko ya kai gidan adana tarihi. Haka nan wasiƙun ajami. Da yake yawanci da sunan Allah suke farawa, wasu kan ƙone su ko su binne don gudun kada a taka. Niyyar mai kyau ce. Sai dai takardar da aka naɗe cikin ƙyalle mai tsabta aka ɗora a sama, ai ita ma an girmama ta, kuma jikoki ba su yi asara ba.

Hujja ta uku ita ce ta fi nauyi: asirin gida. Wasiƙa takan ƙunshi bashi, ko zargi, ko saki, ko maganar wani ɗa da ba a so a tayar. Wasiƙun yaƙin basasa kuma suna iya ɗauke da kalaman da za su sosa tsohon miki tsakanin al'umma. A nan dole mu ja wa kanmu kunne, domin mu marubuta muna da kwaɗayin labari. Adanawa wajibi ne, amma wallafawa sai da izini. Ba kowace takarda ce ta Facebook ba. Wata za a ajiye ta ne kawai har sai waɗanda abin ya shafa sun kau, wata kuma sai an sauya suna da gari kafin ta zama labari. Marubucin da ya tona asirin kakarsa don a yaba masa, ya sayar da abin da ba nasa ba ne.

Yanzu ga aikin kansa. Mun jera shi bisa gaggawa.

Farko, a je wurin mai labari tun kafin a taɓa akwati. Wanda ya tafi Burma yana ɗan shekara goma sha takwas, in yana raye yau ya kai ɗari ko ya kusa. Waɗanda suka rage mana su ne matansu na baya, da ƙannensu, da 'ya'yansu na fari. Wanda ya shiga yaƙin basasa yana ɗan shekara ashirin kuwa yanzu ya doshi tamanin. Kowace damina sai mun rasa wasu. A je da ladabi, a zauna a ƙasa, a nemi izinin naɗar murya a waya. Kada a ce, Baba ba mu tarihin yaƙi, domin tambaya mai faɗi amsa mai faɗi take samu. A miƙa masa hoton a ce, Baba wane ne wannan na hagu? Ɗan wane gari ne? A ina aka ɗauka? Wa ya kawo wasiƙar nan gida, wa ya karanta muku? Me kuke ci a can? Ranar da ya dawo, wa ya fara ganinsa? Ƙananan tambayoyi su ke buɗe manyan ƙofofi. In tsoho ya yi shiru, a bar shi da shirunsa. In ya ce ba ya son maganar wani abu, a wuce, wataƙila a zama na uku ya kawo ta da kansa. Kuma kada a manta da mata. Namiji zai ba da labarin daji da bindiga, amma Iya ko Gwaggo ce ta san yadda aka ci da gidan a shekarun da ba ya nan.

Na biyu, a rubuta suna. Kowane hoto a ba shi lamba, a sami littafi guda a rubuta lambar, da sunayen mutanen ciki daga hagu zuwa dama, da wuri, da shekara in an sani, da sunan wanda ya faɗa mana, da ranar da ya faɗa. In mutum biyu sun saɓa, a rubuta duka maganganun biyu, kowace da mai ita. In za a yi rubutu a bayan hoto, a yi da fensir mai laushi, a hankali, a gefe. Biro yana huda takarda, tawadarsa kuma tana ratsawa ta ɓata fuska. In an sami littafin sallama ko wata takarda mai lambar soja, a kwafe lambar nan a wurare da yawa, domin sunayenmu suna maimaituwa, kuma magatakardan Turawa sun rubuta su yadda kunnensu ya ji. Garba da Audu da Musa suna da yawa a rajista, amma lamba ta mutum ɗaya ce. Da suna da lamba ana iya bincika shafin intanet na hukumar kaburburan da muka ambata, a ga ko an rubuta wanda bai dawo ba.

Na uku, a ɗauki hoton komai da waya. A shimfiɗa takardar a kan farin ƙyalle, a inuwa da rana, ba tare da hasken kamara ba, a riƙe wayar daidai saman takardar kada ta karkace. A ɗauki gaba da baya. A ɗauki ambulan ma, domin kan sarki da hatimin gidan waya sukan faɗi wuri da kwanan wata da wasiƙar kanta ba ta faɗa ba. Dalili kuwa, a lokacin yaƙi ana tace wasiƙun soja, ba a barinsu su faɗi inda suke. In za a tura wa dangi ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana rage ingancin hoto. A ajiye kwafi a wuri uku: a waya, a kwamfuta ko filashi, da kuma imel ko wata ma'ajiya ta intanet. Waya ɗaya ba ma'ajiya ba ce, kowa a cikinmu ya san wanda aka fizge wa tasa a kasuwa.

Na huɗu, a kyautata wa takardar asali. Maƙiyanta a ƙasarmu sanannu ne: gara, kyankyaso, ɓera, danshin damina, yoyon rufi, zafin rana, ambaliya da gobara. Akwatin ƙarfe yana da kyau, amma a shimfiɗa farin ƙyallen auduga a ciki saboda tsatsa, a ɗaga shi daga ƙasa, a janye shi daga jikin bango. A sa farar takarda tsakanin hoto da hoto don kada su manne. Kada a naɗe da tsohuwar jarida, tana sa takarda ta yi ja. Kada a ƙulle a leda, tana tara gumi ta kawo fumfuna. A cire roba da allurar maƙala takardu. Wasiƙar da ta yage kada a liƙe ta da salatif ko gam, a ajiye guntayen tare a ambulan guda. Wadda ta bushe ta ƙage a naɗe, musamman da hunturu, kada a buɗe ta da ƙarfi, karyewa za ta yi. Hoton da ya manne da gilashi a bar shi a haka, a ɗauke shi da waya ta saman gilashin. Babban kuskuren da muke yi da kyakkyawar niyya shi ne kai tsohuwar takarda shago a liƙe ta cikin leda da zafi. Zafin da gam ɗin suna cutar da ita, kuma in an liƙe an liƙe ke nan, babu gyara. In ana son na ratayewa a bango, a wanke kwafi a rataye, asalin ya zauna a duhu. A riƙa buɗe akwatin sau biyu a shekara, kafin saukar damina da bayan ɗaukewarta.

Na biyar, a nemi mai karanta ajami tun ana samunsa. Rubutun hannu na da yana da wuyar karatu, kuma ba kowane mai karatun allo ne zai iya warware shi ba. A zauna da dattijon malami ya karanta, a naɗi muryarsa, a juya zuwa boko kalma da kalma. Kada a gyara Hausar. In marubucin ya yi Sakkwatanci ko Katsinanci, a bar shi haka. In wata kalma ta gagara, a bar gurbinta a nuna ta gagara. A tuna kuma da yawan sojoji ba da hannunsu suka rubuta ba, faɗa suka yi wani ya rubuta musu, a gida ma wani ne ya karanta wa iyali. Wasiƙar da ta bi ta kunnuwa da yawa haka, dole mai ita ya taƙaita abin da ke ransa. Marubuci mai hankali zai karanta abin da aka faɗa, ya kuma lura da abin da aka yi shiru a kansa.

Akwai wata sabuwar gara da ba ta cin takarda. Yanzu ana ɗaukar tsohon hoto a ba manhajar ƙirƙirarriyar basira ta sa masa launi, ta goge tabo, ta fito da fuska tas. Abin yana da ban sha'awa, amma manhajar ba ta san kakanmu ba. Inda fuska ta dushe, ƙirƙiro wata take yi ta cike gurbin. Tana iya shafe tsagen gado da ke kumatunsa, wanda shi ne zai gaya wa jikoki asalinsa. Bayan shekara ashirin, wannan baƙuwar fuska ce za ta yawo a dangi a matsayin Kaka. Wanda ya yi irin wannan gyara ya rubuta a jiki cewa gyararre ne, ya kuma ajiye na asalin kusa da shi.

Wannan ƙa'ida ita ce dai ta rubutunmu. In tarihi muke rubutawa, kada mu ƙara gishiri. Kada mu mai da kofur ya zama manjo, ko ɗan dako ya zama wanda ya kama gari shi kaɗai. Mutumin da ya ɗauki kaya a ka ya ratsa duwatsun Burma ba ya buƙatar mu yi masa ƙarin girma. In kuma ƙagaggen labari muke so, ƙofa a buɗe take, sai dai mu faɗa wa mai karatu cewa ƙage ne da aka gina a kan gaskiya.

Wanda ya ga ba zai iya riƙe kayan ba, ko gidan ya rabu babu mai kula, akwai wuraren da aikinsu ke nan: Gidan Arewa da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, Gidan Makama a Kano, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A je a yi magana da su, a ji sharuɗɗansu, a yi shawara da dangi, kuma ko me aka bayar a karɓi takardar shaida, a riƙe kwafi a gida.

Kada kuma mu ɗauka maganar ta tsaya kan mutanen da. Yau ma akwai 'yan uwanmu a bakin daga, a arewa maso gabas da dazukan arewa maso yamma. Wasiƙarsu ta zamani ita ce saƙon murya na minti ɗaya: ina lafiya, a gaida Inna, a yi mana addu'a. Takardar 1944 ta yi shekara tamanin a ƙarƙashin gado ta iso mu, ko da rabi ne. Saƙon murya kuwa, waya na faɗawa ruwa ya tafi. Matar da mijinta bai dawo ba, wata rana ɗanta zai tambaye ta yadda muryar babansa take. Wanda yake da irin wannan a danginsa, ya taimaka a kwafe a adana tun yau.

Ga aikin wannan makon. Kowannenmu ya je wurin mafi tsufa a danginsa ya yi tambaya ɗaya: a gidan nan wa ya taɓa zuwa yaƙi, kuma me ya bari? In an sami hoto ko wasiƙa, a bi matakan da muka jera. In ba a sami komai ba sai labari, a naɗi labarin. Sannan a rubuta shafi ɗaya, ba ƙari ba ragi, a kan mutum ɗaya, da cikakken sunansa da garinsu. Wanda dangi suka ba shi izini ya kawo mana nan mu karanta tare mako mai zuwa.

Shi kuwa ɗan uwanmu mai hoton samari biyu, ya ji labarin akwai wata ƙanwar marigayiyar da ta yi aure a wani ƙauye mai nisa, an ce idonta ya yi rauni amma hankalinta garau. Ya ce in Allah ya kai mu Asabar zai kama hanya da hoton a aljihu. Muna roƙon Allah ya sa ya same ta da rai da lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu zuwan.

Sai mun haɗu a mako na gaba, in Allah ya yarda.